Gwiwata na ciwo tun da na fara gudu: in daure ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 46, ina da shago a kasuwar Sabon Gari, a zaune nake wuni. Da na ga tumbi ya fara fitowa sai na riƙa bin wasu samari gudu Asabar da Lahadi bayan sallar asuba, har leda nake sawa a cikin riga don gumi ya fito sosai. Yanzu gwiwata ta dama ciwo take, zaman tahiya ma da ƙyar. Yaran sun ce in daure, wai kitse ne ke narkewa. Haka ne? Daga wani magidanci a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba haka ba ne, kuma don Allah ka cire ledar nan tun yau. Gumi ruwa ne da gishiri, babu kitse a cikinsa. Nauyin da ka ga ya ragu a sikeli bayan gudu, kana shan ruwa zai dawo. Bushewar gumi a kan fata ita ke sanyaya jiki, leda kuwa hana shi bushewa take yi. A zafin Maris da Afrilu na Zariya wannan kan jawo jiri ko suma, ya kuma wahalar da ƙoda.

Ciwon da yaran ke nufi tsamin jiki ne, wanda ke kama cinya da sharaɓa washegari, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya sake ka da kansa. Naka daban ne. Ciwon da ke cikin gaɓa, mai suka, wanda ya hana ka naɗe ƙafa a salla, ba a daure masa. Gwiwar da ta kwana biyar a lanƙwashe ƙarƙashin benci ce ka ɗauka ranar Asabar ka buga ta a kan kwalta da takun ɗan shekara 20. Ka ajiye gudu tukuna.

Amma kada ka koma zama, don niyyarka mai kyau ce. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika minti 150 ɗin. Ba dole ba ne a yi ta a zama ɗaya. Ka sauka daga Keke Napep tun kafin kasuwa ka ƙarasa a ƙafa, da La'asar ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa. Idan minti 10 ne gwiwar ta yarda da shi a makon farko, ka tsaya a nan.

Abin da na fi so ka koya shi ne sa hankali a jikinka yayin da kake tafiya. Waya ta zauna a aljihu. Saurari numfashinka: in kana iya gaisawa da mutum ka tambayi iyali amma ba za ka iya rera waƙa ba, saurin ya yi daidai. In kalma biyu ta gagara sai ka ja iska, rage. Saurari takunka kuma. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙara a ƙasa, ɗingishi kake yi ba ka sani ba, kuma ƙugu da baya ne za su biya kuɗinsa. Duba kafaɗunka, sau da yawa za ka tarar sun ɗage zuwa kunne, sake su. Mai bin samari ba ya jin ko ɗaya cikin waɗannan, hankalinsa na kan kada a bar shi a baya.

Atisayen tsoka kuwa a shago ma za ka yi. Tashi daga kujera ka koma a hankali sau 10 ba tare da dafa komai ba, sannan ka dafa bango ka tura jikinka sau 10. Cinya mai ƙarfi ita ke rage wa gwiwa kaya. Kada ka riƙe numfashi wajen yunƙuri, yana ɗaga hawan jini.

Tumbi ba ya tafiya don an matsa wa ciki shi kaɗai. Kitse daga duk jiki yake raguwa, kuma lemon kwalba da sukarin shayin safe suna da hannu a ciki sosai.

A shekarunka, a auna maka jini da suga kafin ka ƙara nauyin atisaye, musamman in awon jinin ya taɓa kai 140/90. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, ka yi naka a cikin gida. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi kuwa, a tsaya nan take a nufi asibiti. Ita gwiwar, in ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko mako 2 ya wuce ba sauƙi, ka je sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a duba ta. Allah ya ƙara sauƙi.