Metabase da MongoDB Atlas: shigar ba ita ce wahalar ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce Metabase, manhajar da ke zana jadawali daga bayanai, ya yi kwana biyu yana ƙin shiga MongoDB Atlas ɗinku, wato rumbun bayanai na MongoDB da ke kan intanet, da ya shiga kuma ka tarar wasu ginshiƙai babu su, jimillar ciniki ma ta saɓa da wadda manhaja ke nunawa. Na sha irin wannan a aikin wani kantin magani mai rassa uku, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Ƙin shiga dai yawanci abu biyu ne. Atlas ba ya buɗe wa kowace kwamfuta ƙofa sai wadda adireshinta na IP, lambar da ake gane ta da ita a intanet, ke cikin jerinsa na Network Access. In a laptop ɗinka Metabase yake, kana kuma jona intanet daga waya, adireshin canzawa yake yi: yau ya shiga, gobe ya tsaya yana ta juyi. Wasu in sun gaji sai su rubuta 0.0.0.0/0, wato kowa ma ya zo. Don gwajin minti goma ba laifi, amma kada ka bari ya kwana. Na biyu kalmar sirri. In akwai @ a cikinta, ka kuma liƙa ta a layin nan na haɗa Metabase da Atlas mai farawa da mongodb+srv://, sai ka mayar da alamar %40. Wannan ɗan abu ya ci mini yini guda, har na fara zargin sabar. Ka kuma buɗe wa Metabase nasa asusun a sashen Database Access na Atlas, mai izinin karatu kawai.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Metabase tebur ya sani, layi da ginshiƙi. MongoDB kuwa takardu yake ajiyewa, kowace da filayenta kamar suna ko farashi, kuma ba dole su yi kama da juna ba. Saboda haka Metabase yakan ɗebi wasu takardu ya duba, ya yi hasashen tsarin sauran. Filin da bai faɗo cikin abin da ya ɗiba ba, a wurinsa babu shi. Haka filin rangwame ya ɓace mana, don rasit kaɗan ne ke da shi.

Jimillar ita ta fi ba ni tsoro. Tsohuwar manhajarmu tana ajiye farashi a matsayin rubutu, "2500" cikin alamar zance, sabuwar kuma tana ajiye shi lamba, 2500. A ido duk ɗaya ne. Amma $sum, umarnin MongoDB mai tara lambobi, tsallake duk abin da ba lamba ba yake yi, shiru, ko tari ba ya yi. Mai kantin ya kalli jadawalin ya ce, "Malam, wannan ba cinikina ba ne, ko reshe ɗaya ya fi haka." Shi da littafinsa na hannu suka fi ni gaskiya ranar.

Abin da ya raba gardama shi ne na daina nuna wa Metabase ainihin takardun. Na gina masa shimfiɗaɗɗen tebur a cikin MongoDB da umarnin db.createView. Da $unwind na warware jerin kayan da ke cikin kowane rasit, kowane magani ya samu layinsa. Da $convert na mayar da duk farashi lamba, da $project kuma na zaɓi filayen da ake buƙata kawai. Amma ka kula da $unwind: rasit mai kaya huɗu zai zama layi huɗu, kowanne ɗauke da jimillar rasit ɗin, in ka tara ta sai kuɗi ya ninka huɗu. Farashin kaya za ka tara. Sannan $unwind yana zubar da rasit ɗin da jerinsa ba komai, sai in ka kunna preserveNullAndEmptyArrays.

Sai lokaci. MongoDB da agogon UTC, wato agogon duniya na GMT, yake ajiye kwanan wata, mu kuma a Najeriya muna gabansa da awa ɗaya. Cinikin ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai faɗa cikin jiya. Ba mu lura ba sai da azumi, da kanti ke kaiwa tsakar dare a buɗe. Sa Africa/Lagos, sunan agogon Najeriya, a wurin rarraba ranaku.

In kuna kan matakin Atlas na kyauta, wato M0, mai 512 MB, teburin nan zai yi nauyi, don duk buɗe shi sai an sake lissafi. Ni da $merge nake zuba sakamakon a wata ma'ajiya daban kowane dare, Metabase ya karanta daga can. In kuma jadawali biyu ko uku kawai maigidanka ke so, leƙa Atlas Charts tukuna, yana cikin Atlas ɗin, ba ruwanka da rigimar IP.

Turo takarda biyu, tsohuwa da sabuwa, ka goge sunayen mutane da lambobin waya, in duba filayen in gaya maka wanda ke cin kuɗin.