Tambayi Likita: tuwo, shinkafa, rogo da abin da suke yi wa jiki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Satin nan saƙonnin da suka taru min kusan duk a kan abin cikin tukunya ne, ina ga tsadar kayan abinci ce ta sa kowa ya fara duba me yake ci. Shinkafa da alkama da masara, su ukun nan kaɗai ke ba ɗan adam fiye da rabin ƙarfin da yake samu daga tsirrai, sai irin su rogo da dankali da doya da gero da dawa su biyo baya. Kowannensu yana riƙe ciki amma kowanne akwai abin da ya rasa, kuma ta wannan gurbin ciwo ke shigowa.

Wani dattijo daga Kano ya rubuto: "Likita ina da ciwon suga shekara huɗu ke nan. An ce in bar shinkafa in koma tuwon alkama, yau wata shida safe da dare shi nake ci amma in na gwada sugan yana nan sama. Ko algus ake min a garin?"

Baba Allah ya ƙara lafiya. Ba algus ba ne, alkamar ce kanta. Ita ma sitaci ce kamar shinkafa, in ta shiga ciki suga take komawa, kuma in aka niƙa ta luƙwi irin wadda ake saidawa a leda to saurin narkewarta bai yi nisa da na tuwon shinkafa ba. Maganar nan ta wai alkama abincin masu suga ce wallahi ta cuci mutane da yawa. A ɗakin duba marasa lafiya nakan ce wa mutum nuna min girman malmalar da kake ci, sai ya haɗa tafukansa biyu ya buɗe su ya ce uku nake tashi da su amma ai alkama ce likita, kuma har ransa ya yarda magani yake ci.

Ka koma malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannunka, miya ta fi tuwon yawa, kuɓewa ko kuka ko alayyahu ko zogale, a samu wake ko kifi ko ƙwai a gefe. Dawa da gero da acca waɗanda ba a surfe su tas ba sun fi, don dusar tana rage gudun narkewa, amma su ma da awo. Ka yi hattara da kunu da fura, abin da ake sha ya fi tuwo saurin ɗaga suga ko da ba a zuba sikari ba. Ka riƙa gwaji awa biyu bayan cin abinci, yawancin masu suga muna so ya tsaya ƙasa da 180 a na'urar da ke auna da mg/dL, ka rubuta na sati guda ka kai wa likitanka don wata ƙila maganin ne ke son gyara. In ka ci na dare ka taka zuwa masallaci da ƙafa, ɗan tattakin nan yana taimakawa sosai. Maganinka dai kar ka ajiye shi.

Wata uwargida daga Birnin Kebbi ta ce maigidanta ba ya son shinkafar gumi saboda ba ta da haske, shi sai fara tas, tana tambaya wacce ta fi lafiya.

Hajiya ta gumi ta fi, kuma akwai dalili. Bitamin B1 na shinkafa a jikin dusarta yake, in injin casa ya goge ta ta yi fari fat to ya tafi da mafi yawansa. Ita kuwa ta gumi ana jiƙa ta a turara tun tana cikin ƙaiƙayinta, sai bitamin ɗin ya nutsa cikin ƙwayar, ko an cashe ba ya fita duka. A Asiya inda ake noma kusan kashi 90 cikin 100 na shinkafar duniya, lokacin da injinan casa suka yawaita sai cutar beriberi, wato ƙarancin bitamin B1, ta ɓarke, ƙafafu su mutu, jiki ya kumbura, zuciya ta gaza. Wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba na Indonesiya a shekarun 1890 ya lura kajin da ake zuba wa ragowar farar shinkafar asibiti suna shanyewa, da aka mayar da su kan wadda ba a goge ba suka miƙe. Wannan aikin ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1929.

Ba wai maigidanki zai kamu da beriberi don ya ci farar shinkafa ba, tunda yana haɗawa da miya da wake da nama, cutar tana kama wanda shinkafar ce kaɗai abincinsa. Amma ki rage yawan wanki, kuma tafasawar nan da ake yi a tsiyaye ruwan a zubar, bitamin ake zubarwa a kwata. Wadda ta kwana a waje ba firij a lokacin zafi kuma ɗumame ba ya kashe gubar da ƙwayar cuta ta riga ta zuba a ciki, gara a dafa daidai ci.

Wani bawan Allah ya turo da damuwa: mahaifiyarsa a ƙauye wuyanta da bayan hannuwanta sun yi baƙi suna saɓa kamar ƙuna, ga gudawa ta ƙi tsayawa, kwanan nan har ta fara rikicewa tana mantuwa, dangi na cewa sammu ne. Ya ce tun bara tuwon masara da koko ne kawai abincinta.

Ɗan uwa dan Allah ka ɗauko Mama ka kai ta asibiti cikin satin nan, kar a jira. Ban gan ta ba amma alamomin ukun nan a tare, fata inda rana ke duka da gudawa da rikicewa, sun yi kama da felagira, wato ƙarancin bitamin B3. Masara tana da shi amma a ɗaure yake, hanjinmu ba ya iya zuƙe shi. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, tun fil azal suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka kafin su niƙa, hakan ke kwance bitamin ɗin. Da masara ta bazu duniya sai aka ɗauki irin aka bar dabarar, shi ya sa cutar ta addabi talakawan Sifen da Italiya, a jihohin kudancin ƙasar Amurka kuma ta kashe wajen mutum 100,000 tsakanin 1906 da 1940. Maganin ƙwaya ne mai araha, kuma yawanci gudawar da rikicewar suna lafawa cikin 'yan kwanaki, amma in aka bari tana kisa. In ta dawo gida a riƙa sa mata gyaɗa, ƙuliƙuli a miya, wake, nono, ɗan busasshen kifi.

Tunda muna kan masara, in kun buɗe buhu ko rumbu kun ga ta yi fumfuna, kore-kore ko baƙi-baƙi tana warin gumi, kar a ce a wanke a niƙa. Gubar da fumfunar ke zubawa, wato aflatoksin, wuta ba ta kashe ta, tana cin hanta a hankali har ta kai ga kansa musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. A Kenya a 2004 irin wannan masarar ta kashe mutum 125. Gyaɗa ma haka. A busar sosai a kan tamfol kafin a ɗure, a ɗora buhu a kan katako.

Wani ɗalibi daga garin Lafiya ya ce ya ji labarin iyalin da suka ci tuwon alabo suka mutu, shi kuma kullum garin kwaki yake sha a makaranta, tsoro ya kama shi.

Ƙanina kwantar da hankalinka, garin kwakin da aka yi shi yadda ya kamata ba ya kisa. Rogo, musamman mai ɗaci, yana da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, amma ferewa da gurzawa da barinsa ya yi tsami kwana uku zuwa huɗu da matsewa da suya suna fitar da kusan dukanta. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya kuma miliyoyi ke ci kullum lafiya lau. Haɗarin yana zuwa ne in yunwa ko son kuɗi ya sa aka gajarta aikin, a jiƙa kwana ɗaya a shanya a niƙa. A Kongo tun 1938 aka fara rubuta labarin cutar konzo, mata da yara su wayi gari ƙafafu sun sandare kuma ba sa dawowa daidai, a lardin Nampula na Mozambik ma lokacin farin 1981 ta kama sama da mutum 1,000, duk masu cin rogon da bai jiƙu ba ne kuma ba furotin, wato abin gina jiki, a abincinsu. Alabo ko rogon da ka ɗanɗana ka ji ɗaci, bar shi. In mutane sun ci tare suka fara amai da jiri da ciwon kai da numfashi sama-sama, a ruga asibiti da su duka, kar a tsaya ɗura manja ko madara. Kai kuma garin nan kusan sitaci ne zalla, ka riƙa jefa gyaɗa ko ƙuli a ciki, ranar da aljihu ya yi nauyi ka dafa wake.

Sai wata mai shayarwa daga Maraɗi, yaronta wata tara, koko kaɗai yake karɓa, ƙafafunsa sun ɗan kumbura, gashi ya yi ja.

'Yar uwa kumburin ƙafa ga yaro irin wannan alamar tamowa mai tsanani ce, wadda muke kira kwashiyoko, ki kai shi cibiyar lafiya yau ɗin nan a auna damtsensa a duba shi, kar ki yi ƙoƙarin gyara shi a gida tukuna. Tsararon koko ruwa ne da sitaci, ga cikin yaro ɗan ƙarami, yana cika tun bai samu abin gina jiki ba. In an sallame ku ki ci gaba da ba shi nono, ki soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa a niƙa tare, ki dama da kauri yadda zai tsaya a cokali, ki ɗiga ɗan manja, ki ba shi kaɗan-kaɗan sau uku zuwa huɗu a rana, da ƙwai ko dakakken kifi in sun samu. Allah ya ba shi lafiya, ki rubuto min bayan sati biyu in ji yadda kumburin ya yi.