Amsata ga Baba Alhaji kan gudummawar gidan tarihi

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Baba Alhaji, ranku ya daɗe, na saurari muryarku har ƙarshe. Kun ce gari na fama da ƙishirwa, hatsi ya yi tsada, mu kuma mun tashi tara kuɗi don a gyara ɗakin tsingaro da duwatsu a gidan tarihinmu na Damagaram, alhali aikin gwamnati ne ko na Turawa. Maganar ruwa kam gaskiya kuka faɗa, duk wanda ya tashi a garin nan ya san layin jarkoki. Mai jikka ɗaya tak a aljihu ya saya wa iyalinsa abinci, ba da shi ake ba. Amma Baba, ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ya sa ni na saka nawa.

To. In aka ce tarihin Damagaram, kowa Birni yake tunawa, da fada, da Sarki Tanimun da ganuwarsa da igwoginsa, sai zuwan Faransa a 1899, sai zamanin da nan ne babban birnin ƙasa kafin a kai shi Yamai a 1926. Wannan duk muna da shi a baka da a rubuce, masanin tarihi André Salifou ma ya yi littafi a kansa. Amma wannan tarihin bai cika shekara ɗari uku ba. Kafin nan fa? Waɗancan mutanen ba su bar mana maroƙi ko takarda ba, abin da suka bari yana cikin ƙasa. Can dutsen Termit, arewa maso gabas da mu, masu bincike sun tarar da wuraren narka tama da suka girmi haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, da ɗaruruwan shekaru, suna cikin mafi tsufa a Afirka. Ɗaliban da nake koyarwa, wallahi da yawansu gani suke ƙarfe daga Turai ya fara zo mana. Ina son yaro ya tsaya gaban kashin maƙera na ƙasarsa, ya karanta da Hausa inda aka samo shi.

Ga inda nake roƙon kwamiti ya natsu. Na ga ana ta maganar fenti da tayil da babban talabijin a bango. Don Allah a bar waɗannan a ƙarshe. Ku ɗauki gatarin aradu, wannan dutsen mai santsi da manoma ke tsinta a gona. In yana da ƴar lamba a jikinsa, lambar tana cikin rajista, rajista ta ce an ɗauko shi a kufai kaza, zurfi kaza, kusa da gawayi, to shaida ne, domin da gawayin nan ake auna shekaru. Ranar da gara ta ci takardar, ko damina ta jiƙa ta, shi ke nan, ya koma dutsen da ba a san asalinsa ba, ko an sa shi cikin gilashin miliyan. Saboda haka kuɗin farko ya tafi ga ƙidaya: kowane abu a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a shigar a kwamfuta, a ajiye kwafi a wani wuri daban. Ɗaliban tarihi na jami'armu ta nan za su iya, ƙarƙashin ma'aikatan gidan, a ba su ɗan kuɗin mota da abinci. Daga nan sai rufi, da akwatunan gilashi masu makulli da ƙurar hunturu ba ta shiga, da bayani a Hausa da Faransanci.

Kuma rajistar nan ita ce maganin ɓarawo. Ku tuna Bura, tsohuwar maƙabartar nan ta mutanen da, can yamma wajen Tera. A 1975 aka gano wurin, mai binciken kayan tarihi Boubé Gado ya yi tono a 1983, da duniya ta ga kyan mutum-mutumin yumɓun sai masu haƙa don sayarwa suka far wa yankin, har sai da aka sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya. Muna da doka tun 1997 mai kare kayan gado, amma abin da ba ka da hotonsa da lambarsa, da me za ka ce naka ne in ya ɓulla a kasuwar waje?

Batun Turawa da gwamnati kuwa, Baba, ba cewa muka yi mun ɗauke musu nauyi ba. Birni da fada suna cikin jerin jira na UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006, Agadas kuwa ta shiga ainihin jerin wuraren gado na duniya a 2013. Masu ba da babban tallafi sukan fara tambayar me ƴan gari suka yi da kansu. In muka je da rajista a hannu da rasit na abin da muka tara, maganarmu za ta yi nauyi.

Sai amana. Kada kuɗi ya shiga lambar wayar mutum ɗaya. A buɗe asusu da sa hannun mutum uku, a ciki har da mace, Hajiya ma'aji ta dinga saka hoton kowane rasit a nan duk ƙarshen wata. Kuma kafin a karɓi ko dala, a zauna da shugabannin gidan da ofishin al'adu na jiha, su rubuta mana abin da suke bukata da hannunsu. Baba, in kun yarda, ku za ku ja mana gaba ranar zaman, don in da furfura a wurin an fi sauraro. Na gode, Allah ya ƙara girma.