Tambaya da Amsa: Hayaƙi a ƙarƙashin motar daji bayan an kashe inji

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar motar shiga daji mai kujera biyu da akwatin kaya a baya, wadda nake zagaya gona da ita. Kwanan baya na tsaya cikin busasshiyar ciyawa na kashe inji, bayan 'yan mintoci sai na ji ƙauri, da na leƙa na ga hayaƙi na tashi daga ƙarƙashinta. Ta yaya motar da aka kashe za ta tayar da gobara?

Amsa: Malam, kashe inji ba ya sanyaya ƙarfe nan take. Bututun hayaƙi, musamman inda ya fito daga inji, yakan haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas idan motar ta yi aiki mai nauyi, alhali busasshiyar ciyawa kan kama wuta a wajen digiri 300. Muddin kana tafiya, iska na ratsa ƙarƙashin motar tana kwashe wani ɓangare na zafin, amma da zarar ka tsaya iskar ta yanke, ƙarfen kuwa yana nan da zafinsa, sai ciyawar da ta jingina da shi ta samu lokacin da za ta fara ci a hankali.

Ƙirar waɗannan motoci ma na da nata laifin. Injin yana bayan kujera ne, a matse ƙarƙashin akwatin kaya, ga roba da wayoyi da bututun fetur kewaye da shi. Farantin da ke kare ƙarƙashin motar daga duwatsu shi ne kuma ke tara shara: ka kwance shi ka duba, ina kyautata zaton za ka tarar da curin ciyawa da busasshiyar laka kamar sheƙar tsuntsu, gefen da ke kallon salansa ya riga ya yi baƙi. Wannan curin ya fi ciyawar fili haɗari a ganina, domin duk inda ka nufa yana tare da kai.

Ka duba farantai masu tare zafin bututun hayaƙi, domin girgiza na kwance kusoshinsu. Ba ƙaramin lamari ba ne: a 2016 kamfanin Polaris ya janye motocinsa na shiga daji samfurin RZR kusan 133,000 a Amurka saboda haɗarin gobara, a 2018 kuma ya amince ya biya tarar dala miliyan 27.25 kan jinkirin kai rahoto ga hukuma.

A cikin salansa akwai raga mai tare tartsatsi, wadda hukumar gandun dajin Amurka ta wajabta a filayenta. Masu cire ta don motar ta ƙara ruri garwashi suke watsawa a bayansu ba su sani ba. Idan kuma injin na tari ko fulogi ya gaji, fetur ɗin da bai ƙone ba yakan ƙarasa ƙonewa a cikin bututun, zafin ya wuce ƙa'ida, don haka kada ka jinkirta kai ta wurin makanike.

Daga yanzu ka riƙa tsayawa a fili marar ciyawa, ka jira salansa ta huce kafin ka zaƙulo sharar, kada kuma ka ɗora jarkar fetur a ɓangaren akwatin da ke saman bututun. Tukunyar kashe gobara ka ɗaure ta inda hannunka zai kai kana zaune, ba can ƙarƙashin kaya ba.