Tambayoyin Masu Karatu: Injin surfanina yana tsayawa, muryarsa kuma ta hana mu sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki a Agege, kuma ina aiki da injin surfani na kwamfuta mai kai biyu, allura 12, allonsa na kamfanin Dahao. Tun da damina ta kankama yake tsayawa a tsakiyar aiki, muryar cikinsa tana cewa zare ya tsinke, alhali zaren yana nan lafiya. Wani lokaci ba ya ganin filash. Ran nan da aka ɗauke wuta muka koma janareto, allon ya daskare, aikin wuyan wata babbar riga ya goce. Ga shi yarona ya taɓa saiti, yanzu da Sinanci muryar take magana. Wani mai gyara ya ce sai an sake zuba masa manhaja. In yarda? Kuma yaya zan kashe muryar nan gaba ɗaya? Daga wani tela, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka bari a zuba wa injin nan sabuwar manhaja tukuna. Duk abin da ka lissafa, babu ko ɗaya da ya nuna mini cewa manhajar ce ta lalace. Matsaloli ne daban-daban suka haɗu maka a lokaci guda, kuma yawancinsu da hannunka za ka gyara.

Bari in fara da zaren, don shi ne ke cin lokacinka. Injin ba ya ganin zare da ido. A saman kowane kai, kusa da maɓallan ɗaurin zare, akwai ƴan ƙananan tayoyi, kowace allura da tata. Zaren yana zagaya tayar kafin ya sauka zuwa allura. Muddin ana ɗinki tayar tana juyawa, sensa da ke bayanta tana shaida wa allo cewa zare na tafiya. Da ta daina juyawa sai allo ya ɗauka zare ya tsinke, ya tsayar da injin, fitilar kan ta koma ja, muryar ta yi magana. To ka tsaya a gaban injin yana aiki, ka zuba wa tayar allurar da ke ɗinki ido. Na sha zuwa shaguna a Agege da Idi-Araba in tarar zaren yana zamewa a kan tayar ba tare da ya juya ta ba, ko dai don ɗaurin sama ya yi sako-sako, ko yaro ya manta bai naɗa zaren a kanta ba lokacin da ya canza launi. Wani lokaci kuma ƙurar zare ce ta haɗu da laimar damina ta zama kamar danƙo a gindin tayar. Iskar Legas a wannan lokaci jiƙe take, kuma shagon da ba ya samun iska ya fi fama da wannan. Ƙaramin buroshi mai laushi ya isa. Kada ka zuba mai a wurin.

Idan tayar tana juyawa daidai, ka leƙa ƙasa. Ciro ƙoshiya, ka duba ko kwarkwaro ya kusa ƙarewa, ka goge ƙurar da ke ƙarƙashin ɗan ƙarfen ɗaurinta da gefen takarda. Sannan ka juya yadin da ka ɗinka ka kalli bayansa: a ɗinki mai kyau, farin zaren ƙasa yana cin kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, zaren sama yana rufe gefe da gefe. In ba ka ga farin ba ko kaɗan, saman ya yi sako-sako ko ƙasan ya yi tsauri. Shadda mai sheƙi irin Getzner tana da tauri, tana dakushe allura da wuri, don haka ka sa sabuwar allura DBxK5 mai lamba 75/11, in aikin mai kauri ne 90/14, ka kuma rage gudu zuwa wajen ɗinki 700 a minti. A cikin saiti akwai wurin da ake rage kaifin sensar zare, har da wurin kashe ta. Wasu suna kashewa don su huta. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin ranar da zaren zai tsinke da gaske, allura za ta ci gaba da huda shaddar mutane babu zare, kuma ramin allura a shadda ba ya ɓacewa.

Maganar filash mai sauƙi ce. Allunan nan sun fi jituwa da ƙaramin filash, mai giga 4 ko 8, wanda aka yi wa fomat da FAT32. Manyan da ake sayarwa yanzu, masu giga 64 zuwa sama, da tsarin exFAT suke zuwa, allo da yawa ba ya karanta shi. Ka samo ƙarami a Computer Village da ke Ikeja, ka ware shi don injin kaɗai, ban da waƙa, ban da bidiyo. Filash ɗin da ke yawo a shagunan buga takardu yakan kwaso ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayil, sai injin ya nuna maka babu komai a ciki. Ka kuma tambayi mai zana maka aiki a wane tsari ya ajiye. In da manhajar zane ta Wilcom yake aiki, fayil ɗin EMB nasa ne na gyara, injin ba ya cin sa. DST ake ba injin, tsarin da kamfanin Tajima na Japan ya fito da shi. Shi DST ba ya ɗauke da launi, wurin canjin zare kawai yake nunawa, kai ne za ka jera lambobin allura a allo. Ka roƙe shi ya tace ƴan mitsi-mitsin ɗinkin da ba su kai rabin milimita ba, su ma suna tsinka zare. Kuma ka riƙa kwafe zanen zuwa cikin injin kafin ka fara, ka goge tsofaffin da suka cika masa ciki.

Daskarewar allo kuwa, wuta ce. Ka faɗa da bakinka cewa lokacin komawa janareto abin ya faru. Injin yana son wuta mai tsayuwa wajen bolt 220 zuwa 230, ƙaramin janareto kuma yana hawa yana sauka, musamman in an jona dutsen guga a layi ɗaya. Da an ɗauke wuta ka kashe makunnin injin, ka tayar da janareto, ka bar shi ya daidaita na ɗan lokaci, sannan ka kunna. Ka sa masa sitabilaiza mai ƙarfin da ya ɗara abin da aka rubuta a jikin injin, in da hali ka ƙara da UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke. Ana samun su a kasuwar Alaba. Ka sa mai wayarin ya duba ko akwai wayar ƙasa, wato at. Shaguna da yawa ba su da ita, kuma rashinta yana sa allon taɓawa ya riƙa danna kansa, ko ka ji injin yana ɗan jan hannu.

Game da rigar da ta goce: allon Dahao yana iya mayar da firam, wato abin da ke riƙe yadin, daidai inda ya tsaya bayan ɗaukewar wuta, amma sai in an riga an saita masa mafarin firam tun farko. Ka sa a saita maka shi sau ɗaya. In wuta ta tafi, kada kowa ya tura firam da hannu, kada a cire yadin. Haka nan ka duba faifan digiri da ke gefen injin. Mazauninsa digiri 100 ne. In ya tsaya a wani wuri, injin zai ƙi canza allura, zai ƙi motsa firam, ya rubuta maka cewa babban sandan da ke juya injin bai koma wurinsa ba. Akwai maɓalli a allo mai alamar 100, ka danna shi, ko ka juya da hannu a hankali har alamar ta zo daidai. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyaran manhaja a kan wannan kaɗai.

Yanzu muryar. Yaronka harshen allo ya canza, muryar ta bi shi. Ka shiga saiti, ka nemi wurin zaɓen harshe, ka mayar Turanci. In rubutun ma ya koma Sinanci har ba ka gane hanya, ɗauki hoton allon da wayarka, Google Translate zai karanta maka. A cikin saitin ne kuma za ka sami sautin murya da ƙarfinsa. Shawarata ka rage ƙarar, kada ka kashe. Na san tana gajiyar da mutum in tana maimaita abu ɗaya tun safe, amma ai tsayawar banza ce ta sa take yawan magana, da ka gyara tayar zare za ta yi shiru da kanta. A shago mai janareto da kekuna uku suna ruri, kai kana teburin yanka, ita ce za ta sanar da kai cewa injin ya tsaya. In ka nace sai ka kashe maganar, to ka bar ƙarar gargaɗin a kunne.

Sake zuba manhaja yana da ranarsa, amma shi ne na ƙarshe, bayan duk waɗannan sun gaza. Abin da nake tsoro shi ne, kowane injin yana da lambobin saitinsa na masana'anta: yawan allura, tazarar kai da kai, faɗin firam, irin wuƙar yanke zare. In aka zuba manhajar da ba ta dace da lambar allonka ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, allon yana iya mutuwa, ga Sallah tana matsowa, ga kayan mutane jibge. In har ta kai ga haka, ka koma wurin dilan da ya sayar maka, ka ba shi lambar allon, ka ɗauki hoton kowane shafi na saiti kafin a taɓa komai, kuma a yi aikin injin yana kan UPS. Sannan ka sa wa saitin masana'antar lambar sirri, ka nuna wa yaron shafukan da aka yarda ya shiga. Ka rubuto mini bayan ka duba tayoyin, ka faɗa mini ko allura ɗaya ce ke yi ko dukkansu, don in duka alluran kai ɗaya ne, to sai mu duba katin sensar wannan kan da wayarsa.