Ku Tambaya Mu Amsa: Hanyar tarihi irin ta Sikotilan, za ta yiwu a Zongo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Asawase nan Kumasi. Ƙanina da ke aikin nas a Gilasgo ya turo min hotuna ta WhatsApp, wai a ƙauyukan Sikotilan mutanen gari da kansu suke tsara hanyar da za a bi a ƙafa, ana tafiya ana tsayawa ana karanta tarihin wuri a jikin allo. Don Allah yaya suke yi, wa ke biyan kuɗin, kuma mu a Zongo zai yiwu kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Zai yiwu mana, sai dai kar allon ya ruɗe ki, shi ne abu na ƙarshe da suke kafawa.

Su can doka ce ta share musu fage. A 2003 majalisar Sikotilan ta yi dokar filaye da ta ba kowa damar ratsa yawancin filayen ƙasar a ƙafa ko a keke muddin ba zai yi ɓarna ba, ban da harabar gidan mutum da gonar da aka shuka, kuma dokar ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta zana taswirar manyan hanyoyin ƙafa na yankinta. Suna da dogaye irin su West Highland Way da aka buɗe a 1980, mil 96 daga Milngavie zuwa Fort William, amma wadda ƙaninki ya ɗauko ƙarama ce, ta awa ɗaya ko biyu, irin wadda kwamitin unguwa ko ƙungiyar masu son tarihin gari ke haɗawa. Sukan zauna da tsofaffi su naɗi hirarsu, su duba tsofaffin taswirori da babban ɗakin karatu na ƙasar ya sa a intanet kyauta, sannan su zaɓi wuraren tsayawa, tsohuwar masaƙa, rijiya, coci, bakin ramin kwal da aka rufe.

Kuɗi kuwa, wani daga ƙaramar hukuma, wani daga kamfanonin lantarkin iska da ke ba ƙauyukan da ke kusa da su wani kaso, amma babban mai bayarwa shi ne National Lottery Heritage Fund, wato kuɗin loto ne. Kin ga mu nan ko an ba mu sai liman ya yi magana, don haka kuɗinmu daga aljihunmu zai fito da na 'yan'uwa da ke waje.

Abin da ya fi burge ni a nasu shi ne burtalin shanu. A shekarun 1700 makiyaya kan koro shanu daga tsaunukan arewa har kasuwannin Crieff da Falkirk, yau waɗannan burtalai su ne mutane ke bi da jaka a baya, kuma akwai ƙungiyar ScotWays da tun 1845 take kare irin waɗannan hanyoyi. To mu fa? Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su daga Kano da Katsina zuwa Salaga da ke arewacin Gana, da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 da yawa suka gangaro Kumasi da Kete Krachi da Akra. Kuma ba sa ɓoye mai ɗacin, a Gilasgo ana zagayawa da mutane ana nuna musu titin Buchanan da Glassford, sunayen attajiran taba da suka yi arziki da gumin bayi. Salaga ma ba goro kaɗai aka sayar ba, in za ku faɗa ku faɗa duka.

Inda muka bambanta, namu tarihin yana cikin zauruka da makarantun allo da gidajen da har yanzu akwai mutane a ciki, ba wata doka da za ta shigar da baƙo zauren mutum. Sai kin fara da gaisuwa wajen Sarkin Zongo da limamai da magajiya, kuma ki shirya wa gardamar gidan wa ya riga zuwa, don wallahi za a yi ta, in an ba ki ruwaya biyu rubuta biyun kawai. Tsofaffin nan kuma ki hanzarta, ki ba ɗalibanki manya waya su je su naɗo su tun suna nan.

Kar ku ja hanyar da nisa, daga babban masallaci zuwa wajen Manhyia, fadar Sarkin Ashanti, ma ya isa a fara, da sanyin safiya kafin pragya, wato babura masu ƙafa uku, su cika titi, kuma ban da Juma'a. Allo ni ban ba da shawarar a fara da shi ba, kafin wata ya zagayo an manna masa fostar 'yan siyasa da ta jana'iza, rana da ruwa su ƙarasa sauran. Gara ku koya wa samari biyu-uku su riƙa yi wa baƙi ja-gaba ana ba su ɗan sidi, in abin ya kankama sai a yi allon, a rubuta da Hausar boko da ajami da Tuwi da Turanci, a kuma sa wanda zai riƙa goge shi.