Amsa ga mai tambaya kan zagaya tsohuwar Lokoja da ƙafa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce aiki zai kai ka Lokoja, kana da yini guda da ba ka da abin yi, shi ne kake tambaya ko akwai abin tarihi da mutum zai taka ya gani, ko kuwa garin duk tashar mota ce da masu suyar kifi kamar yadda wani ya amsa maka. Na yi zaman aiki a garin kafin a maido ni Kaduna, kuma har yau in hanya ta bi da ni nakan kwana. Wanda ya ba ka waccan amsa bai wuce Nataco ba. Nan ne motocin Kudu ke tsayawa a yi salla, a ci abinci, a sha mai, a wuce. Tsohon gari yana can ciki, a matse tsakanin dutsen Patti da bakin Kogin Kwara, kuma ba ruwansa da hayaniyar tireloli. Shi ake takawa da ƙafa.

Kafin ka bar Kaduna, in kana da sarari, ka shiga lambun shaƙatawa na Gamji ka dubi 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga. A Zungeru aka gina ta a 1904, aka kwance ta aka kawo nan a 1954. Dalilin da ya sa na ce ka fara da ita shi ne, garin da muke zaune a ciki shi ne zango na ƙarshe na tafiyar da ta taso daga Lokoja. Can aka kafa tutar mulkin Turawa a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, aka ɗan yi zaman Jebba, aka koma Zungeru a 1902, sannan aka tare a Kaduna a 1917. In ka riƙe wannan a kai, abin da za ka gani a can zai zauna maka daidai.

Ka fito da an idar da sallar asuba. Zafin Lokoja ba irin namu ba ne, ga rana ga gumi, ƙarfe goma na safe riga ta manne a baya. Ka sa takalmi mai taushi, ka riƙe ruwa da hula. Fara da bakin kogi, wajen tsohuwar kasuwa, lokacin da jiragen kwalekwale ke isowa. Za ka ga Nufawa da Kakanda da Bassa da Igala suna sauke doya da buhunan garin rogo da itace da kwandunan kifi, mata sun naɗe zani zuwa gwiwa sun shiga ruwa suna ciniki tun kaya ba su taɓa ƙasa ba. Ka saurara da kyau, za ka ji ana cakuɗa Nufanci da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a ciniki ɗaya. Wannan kasuwancin ruwa ne ya jawo Turawa wurin tun farko, domin nan Binuwai ke zubowa cikin Kwara, duk wanda ya riƙe mahaɗar ya riƙe hanyar Nupe da ta Adamawa a lokaci guda.

Turawan Ingila sun gwada kafa gona a nan a 1841, zazzaɓi ya karkashe da yawansu, suka watse. Wanda ya zauna da gaske shi ne wani likita, Dokta William Baikie, bayan jirginsa ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba a 1857. Ya kafa zango a Lokoja wajen 1860 da yardar Etsu Nupe Masaba, ya yi ta karɓar bayin da aka fansa, ya buɗe kasuwa, ya koyi Hausa har yana fassara da ita. Shi ya nuna cewa in Bature na shan kwinin, maganin zazzaɓi, kullum zai iya rayuwa a bakin kogin. Ya bar garin a 1864, ya mutu a Saliyo a kan hanyarsa ta komawa gida. Akwai kuma Abega, ɗaya daga cikin yaran nan biyu da Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya tafi da su Turai a 1855, shi da Dorugu. Abega ya dawo, ya yi tafinta, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Yaron da aka kama bawa a ƙasar Margi, ya ga Landan, ya ƙare da rawani a bakin Kwara. Ka tambayi dattawan gari labarinsa, suna da nasu zancen.

Daga kasuwa sai ka bi babban titin da ke bin gefen ruwa. Kayan Turawan ba su da nisa da juna, kuma gaskiya wasunsu minti biyar ya ishe ka. Akwai ɗan ginshiƙin siminti da ke nuna inda aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila. In ba a nuna maka ba za ka wuce shi. Amma ka tsaya ka tuna cewa kafin waccan ranar ta 1 ga Janairu 1900, kamfanin 'yan kasuwa ne, na George Goldie, ke da soja da kotu da haraji a kogin tun 1886, kuma da gwamnatin Ingila ta karɓe sai da ta biya shi fam 865,000. Ciniki aka yi tsakanin Bature da Bature, masu ƙasar ba su san ana yi ba. Akwai makarantar Holy Trinity da Bishop Ajayi Crowther ya kafa a 1865, wadda ake ƙirgawa a matsayin firamaren boko ta farko a Arewa. A harabar ne ƙarafan nan suke da ake cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Ka yi sallama wajen mai gadi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ba sa hanawa.

Inda nake so ka ɗan daɗe shi ne wurin tunawa da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai tsofaffin igwa a gabansa. Mutane na zuwa su hau igwar su ɗauki hoto su tafi, ba mai karanta allon. Kai ka karanta. Sojojin da aka kai Kamaru da Gabashin Afirka tsakanin 1914 da 1918 ne, kuma za ka ga yadda magatakardan bariki ke rubuta mutum: sunansa, sai sunan garinsu a maimakon na uba. Da yawa 'yan Arewa ne. Lokoja bariki ce tun kafin rundunar da Lugga ya haɗa a 1897, kuma da waɗannan dakaru, masu jin umarni da Hausa, aka ci Bida da Kontagora da Kano da Sakkwato. Wannan ɓangaren ba mu cika son faɗa ba, mun fi son a ce Bature ya zo da bindiga mai ruwa ya ci mu. Baturen bai kai cikin cokali ba a rundunar.

Gidan tarihi na mulkin mallaka yana cikin ɗaya daga cikin gidajen katakon da aka kawo a kwance daga Ingila aka harhaɗa a nan, an ɗora shi kan ƙafafu saboda iska ta ratsa ta ƙasa, gara kuma kada ta samu hanya. Hotuna ne akasari a ciki. Ginin kansa ya fi abin da ke cikinsa ban sha'awa. Ranar aiki za ka je in kana so ka samu a buɗe. Gidan gwamnatin Kogi ma tsohon mazaunin Lugga ne, amma wannan ka kalla daga nesa, kada ka ɗaga waya a ƙofar. Maƙabartar Turawa kuwa, in ka leƙa, shekarun da ke jikin duwatsun kawai za ka duba. Samari ne birjik, sauro ya gama da su.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu. In ka ga duk waɗancan ka dawo ba ka shiga Kabawa ba, ba ka je Lokoja ba. Nan ne tsohuwar unguwar Musulmi, nan fadar Maigari, sarkin Lokoja, take, kuma a nan da kewayenta ne sarakunanmu da Turawa suka tuɓe suke kwance. Sarkin Kano Alu Babba, Mai Sango, wanda aka ci Kano a 1903 yana hanyar dawowa daga Sakkwato, aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, sannan aka kawo shi nan, ya zauna har ya rasu a 1926. Sama da shekara ashirin mutumin da ya ci yaƙin basasar Kano yana zaune a unguwar da doki ba shi da filin sukuwa. Namu na Zazzau biyu ne: Kwasau, wanda Turawa suka cire da shigowarsu, da Aliyu Ɗan Sidi, wanda su suka naɗa shi a 1903, su kuma suka tuɓe shi bayan shekara goma sha bakwai. Malami ne, mawaƙi, ɗan gidan sarautar Mallawa, kuma tun daga kansa sarautar Zazzau ba ta sake komawa gidan ba sai a 2020. Akwai Etsu Nupe Abubakar na Bida, akwai na Gwandu, akwai na Gumel.

Me ya sa Lokoja? Domin ba ƙasar wani sarki mai tuta ba ce, bariki na kusa, ruwa ya tare gaba, dutse ya tare baya, kuma a wancan zamani kafin mutumin Kano ko Zariya ya iso sai ya yi makonni. Ba a bukatar kurkuku. An raba mutum da jama'arsa, an bar shi da ɗan albashi da 'yan iyalinsa.

Kada ka sa ran ganin hubbare mai ƙawa. Wasu kaburburan a cikin gidajen mutane suke ko a jikinsu, ɗan ɗaki ne da rufin kwano, wani da allo wani babu. Za ka bi lungu, ka tsallake kwata, ka wuce awaki da yara masu tallan ƙosai, sai a tura wata ƙofa a ce maka ga Sarkin Kano. Ni dai duk ranar da na tsaya a wurin jikina sanyi yake yi. Saboda haka akwai ladabin shiga. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne, gidan mutane ne. Ka yi sallar azahar a masallacin unguwa, bayan an sallame ka gaisa da liman ko wani dattijo, ka ce daga Kaduna kake, ziyara ta kawo ka. Da ɗan gari akan ci gari. Za a haɗa ka da yaro ya kai ka. Ka cire takalmi inda aka ce, ka yi musu addu'a, ka nemi izini kafin hoto, ka ba masu kula da wurin abin goro ba tare da sun roƙa ba. Akwai zuriyar waɗanda suka biyo sarakunan, bayi da barori da malamai da 'ya'ya, da suka zama 'yan Lokoja. Hausarsu ta ɗan sha ruwan Nupe, amma in ka zauna kan tabarma ka yi haƙuri, za ka ji abin da babu shi a gidan tarihin can.

Dutsen Patti ka bar shi sai bayan la'asar. Tsayinsa ya kai wajen ƙafa 1,500, hanyar mota ce mai lanƙwasa ta hau shi. Masu ƙarfi na hawa da ƙafa da sassafe, amma kai da ka yini kana tafiya, ɗauki ɗan acaɓa, ku yi ciniki har da jira da saukowa, kuma kada ka je kai kaɗai ko ka kai magariba a sama. Akwai ɗan gidan hutawar Lugga, ƙarami ne ƙwarai. Abin gani shi ne ƙasa: gari gaba ɗaya, kogunan biyu suna haɗuwa, tsibiran yashi in rani ne, da ƙauyen Gbobe a tsallake. A nan ne wani mai rakiya ya taɓa rantse mini cewa a kan wani dutse da ya nuna matar Lugga ta zauna tana kallon ruwa ta raɗa wa Nijeriya suna. Kai ma za a gaya maka. Flora Shaw ta rubuta sunan ne a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugga. Ka saurara, ka ba shi na ruwa, ba sai kun yi musu ba.

In ka ga garin shiru ka yi mamakin yadda wurin da aka fara mulkin Arewa ya koma haka, jirgin ƙasa ne sila. Da layin Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, gyaɗa da auduga da fatu suka bar ruwa suka hau dogo zuwa Legas. Lokoja ta koma hedikwatar lardin Kabba kawai, ta shiga jihar Kwara a 1967, sai a 1991 da aka ƙirƙiro Kogi ta sake zama babban birni. Sabon ginin duk ya tafi gefe, shi ya sa tsohon garin ya tsira da kamanninsa.

Batun shiga kwalekwale zuwa mahaɗar ruwan, ana yi, kuma akwai daɗi, kana ganin ruwa launi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Amma in babu rigar hana nutsewa kada ka shiga, ko da matuƙin ya ce a ruwan aka haife shi. Jirgin da aka cika da kaya da babura ma ka ƙyale shi.

Ba ka faɗi watan da za ka tafi ba. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi sauƙi. Maris da Afrilu wuta ne. Satumba da Oktoba kuwa lokacin cikar kogi ne, a 2012 da 2022 ruwa ya shanye hanya wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye, unguwannin bakin ruwa suka nutse. In tafiyarka ta faɗo a watannin nan, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take kafin ka biya kuɗin mota. Ko ka hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa ta Idu a Abuja ka nemi mota daga Abuja, ko ka bi mota tun daga nan, ka lissafa yadda za ka tsallake gadar Jamata, wadda ke kan Kwara kusa da Koton Ƙarfe, da sauran rana, zuwa da dawowa.